Da kayan aiki a jikina, za a bar ni in shiga falon manyan fasinjoji?

Tambaya: Ni injiniya ne, a Agege nake zaune, aikina kuma yana can yankin Ibeju-Lekki. Kwanan nan kamfaninmu ya fara yankar mini tikitin bizines zuwa Abuja da Fatakwal, wani lokaci har ƙasar waje. Sau da yawa daga wurin aiki nake zarcewa filin jirgi da rigar aiki mai haɗe da wando, da takalmin sefti, da falmaran mai ƙyalli. Wani abokina ya ce za a iya mayar da ni daga ƙofar falon da manyan fasinjoji ke jira. Gaskiya ne? Ranar da ba daga aiki nake ba kuma kaftani nake sawa da buɗaɗɗen takalmi. Su ma da magana?

Amsa: Injiniya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi wa aiki albarka. Na yi shekaru ina kula da fasinjoji a filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja, mafi yawansu kuma a bakin ƙofar irin wannan falo na yi su, da farko a kan kanta, daga baya ina sa ido a kan waɗanda ke kantar.

A Legas da wuya a mayar da kai don kawai kayan jikinka na aiki ne. Abin da ke sa a tsayar da mutum shi ne datti, da wari, da shigar da ta bayyana tsiraici. Sai kuma abu guda da ya shafe ka kai tsaye, falmaran ɗin nan mai ƙyalli, wanda zan tsaya a kansa sosai. Abokinka bai yi ƙarya ba, labarin wata ƙasa ya ɗauko ya kawo Ikeja.

Fara da sanin abin da mai kanta ke dubawa. Idonsa a kan takardar shiga jirgi yake fara sauka. Ko dai tikitinka na bizines ne, ko kana da babban matsayi a tsarin ladan da kamfanin jirgin ke ba masu yawan tafiya da shi, ko kana riƙe da katin shiga falo irin Priority Pass ko wanda bankinka ya ba ka, ko kuma ka biya kuɗi nan take a falon da ke karɓar kuɗi. In ɗaya daga cikin waɗannan ya tabbata, ƙofa ta buɗe. Maganar sutura tana zuwa a baya, kuma a yawancin wurare layi ɗaya ce a cikin sharuɗɗan falon: a shigo da shiga ta mutunci, masu falo kuma suna da ikon hana wanda suka ga bai dace ba. Ba a lissafa riga kaza ko wando kaza. Wannan gajartar ce ke ba mai kanta damar yin hukunci da idonsa, shi ya sa za ka ji wani ya ce an bar shi, wani kuma ya ce an tsayar da shi, alhali shigarsu kusan iri ɗaya ce. Shi ma katin Priority Pass ba ya ɗauke maka ƙa'idar gida: sharuɗɗansa sun bar wa kowane falo dokokinsa, har da na sutura.

Kuma filin jirgin Ikeja ba gida ɗaya ba ne. Akwai tashar jiragen cikin gida ta MMA2 da kamfanin Bi-Courtney ke gudanarwa tun 2007, akwai tsohuwar tashar jiragen cikin gida da ake kira GAT a hannun FAAN, hukumar kula da filayen jiragen sama ta ƙasa, sannan ɓangaren ƙasa da ƙasa, mai tsohon gini na 1979 da sabon da aka ƙaddamar a 2022. A falukan cikin gida zaman ɗan lokaci ake yi. Tafiyar Abuja kusan awa ɗaya ce, ta Kano kusan awa ɗaya da rabi, mutane na shigowa su sha shayi su fita, sai dai in jirgi ya yi jinkiri. A nan za ka ga ɗan majalisa da babbar riga, ma'aikacin banki da kwat, ma'aikacin kamfanin mai da rigar aiki zai wuce Fatakwal, kowa na duba wayarsa. A ɓangaren ƙasa da ƙasa ne ake ɗan ƙara lura, saboda mutane kan zauna awa biyu ko uku kafin jiragen dare, ana cin abinci sosai, wasu falukan kuma kamfanonin jiragen waje ne ke biyan kuɗin fasinjojinsu a ciki, in fasinjan ya yi ƙorafi har hedikwata yake kaiwa.

Labarin da abokinka ya ji, ina kyautata zaton daga Ostareliya ya samo asali. A watan Afrilun 2015 kamfanin jiragen ƙasar, Qantas, ya fara tsaurara dokar sutura a falukansa na cikin gida a manyan birane irin su Sydney, Melbourne da Perth. Ya hana silifas na roba, da tafiya ba takalmi, da kayan motsa jiki daga sama har ƙasa, da kayan bakin teku, da kayan barci, da riga mai rubutun batsa ko zagi, da tufafi masu datti ko yagaggu. An mayar da mutane da dama, har da sanannu, aka yi ta surutu a kafafen sada zumunta. Amma duba abin da dokar ta bari: kayan aiki, har da masu launin ƙyalli irin naka, ba ta hana su ba. A ganina dalilin kuɗi ne. Ma'aikatan haƙar ma'adinai da ke tashi daga Perth zuwa yankin Pilbara su yi makonni su dawo, suna cikin waɗanda suka fi kowa hawa jirgi a ƙasar, da yawansu kuma sun kai babban matsayi a tsarin ladan kamfanin. Babu ɗan kasuwar da zai rubuta dokar da za ta kori manyan abokan cinikinsa. Ka riƙe wannan, domin shi zai amsa maka tambayar kaftani ma. A Legas masu cika kujerun gaban jirgi su ne masu babbar riga da agbada da ɗinkin sanata, tare da ma'aikatan mai da na gine-gine. Falon da ya ce sai kwat, ya rufe wa kansa kasuwa.

To, mu koma kan kayanka.

Rigar aiki in tana da tsafta, riga ce kamar kowace. In ta kwaso giris da baƙin mai da ƙurar siminti, ta zama wani abu daban, kuma dalilin a fili yake. Kujerun falo galibi na yadi ne ko na fata mai haske. Na taɓa ganin wani bawan Allah ya shigo da rigar aiki mai ruwan lemo, tikitinsa lafiya lau, ya zauna a kujera mai ruwan madara, ya ɗauki minti ashirin yana waya. Da ya tashi sai ga shatin bayansa da na cinyoyinsa baƙi ƙirin a jikin yadin, har da layin aljihun baya. Mai shara ta zo da soso da ruwan sabulu, tana gogawa tabon na ƙara faɗi. Ƙarshe kujerar aka ɗauke aka kai ciki, daren nan kuwa falon a cike yake, mutane na tsaye da faranti a hannu. Tun daga ranar yaran kanta suka riƙa kallon gwiwa da mazaunin duk mai rigar aiki kafin su ce masa bismilla. Falo kamar zauren mai gida ne, ba a tambayarka kuɗin rigarka, amma ba ka hawa shimfiɗa da taɓo a jiki.

Wari ya fi tabo wuyar sha'ani, domin mai shi ba ya ji. Wanda ya wuni cikin dizal ko fenti hancinsa ya saba, ɗakin kuma a rufe yake, na'urar sanyaya ɗaki na juya iska ɗaya. Mai kanta zai ji nauyin ce wa babban mutum yana wari, sai ya ɓuya a bayan "ƙa'idar sutura". Da yawa daga cikin waɗanda ke cewa an hana su shiga saboda kayan aiki, a gaskiya wannan ne ya faru da su. Kuma fesa turare a kan gumi da dizal ba ya gyara komai, ƙara dagulawa yake yi. Mu mutanen arewa ma da ke son turare mai ƙarfi, a ɗan sassauta hannu in za a shiga jirgi. Akwai masu asma a kusa da kai, ba su da inda za su gudu.

Yanzu falmaran. Wannan ka cire shi tun a mota ka cusa a jaka, ko da sabo ne fil. A filin jirgi riga mai ƙyalli alama ce ta ma'aikacin da ke da izinin fita farfajiyar da jirage ke tsayawa: masu lodin kaya, masu ba jirgi hannu, masu zuba mai, injiniyoyin jirgi. Dole ne su sa ta don direbobi da matuƙa su gan su, kuma tare da ita suna rataye da katin shaidar aiki. Fasinja da ya sa irinta ya shiga cikin jama'a, jami'in tsaro zai ga riga babu kati, aikinsa ne ya tsayar da shi ya tambaya. Abin ya fi muni a tashoshin cikin gida inda ake taka ƙafa ko a hau bas zuwa gindin jirgi, domin a nan mai falmaran na iya ratsewa daga layin fasinjoji ba wanda ya lura. A ƙofar falo kuma akwai wani dalilin: ma'aikatan filin jirgi da ke bakin aiki ba a yarda su shiga su zauna su ci abincin fasinjoji ba, sai mai kanta ya ɗauke ka ɗaya daga cikinsu tun kafin ka miƙa takarda. Za a warware, amma ka sha tambayoyin da ba ka buƙata. Ga kuma fasinjoji da za su riƙa tare ka suna tambayar ina ne ƙofa ta kaza, me ya sa jirgin Kano bai tashi ba. Ranar da jirgi ya yi jinkirin awa huɗu, ba ka son a ɗauke ka ma'aikacin filin jirgi.

Takalmin sefti ba ruwan falo da shi in ba taɓo a ƙasansa. Wahalarsa a wurin bincike take: ƙarfen da ke bakinsa zai sa na'ura ta yi ƙara, sai ka kwance igiya, ka cire, ka sa a tire, ka tsaya da safa mutane na jira a bayanka. Hular kwano ka sa a jaka. Ka kuma laluba aljihunan rigar nan masu yawa tun kafin ka baro wurin aiki, domin sukudireba da filaya da wuƙar yankan waya ba sa wucewa a jakar hannu, ko ka sa su a kayan awo ko ka bar wa jami'ai. Batirin cajin waya kuwa akasin haka ne, a hannu ake riƙe shi, ba a sa shi a kayan awo.

Abu ɗaya da ba sassauci a kansa: yadi mai zanen kakin soja. Wasu wandunan aiki masu aljihu a cinya da irin wannan zane ake ɗinka su. Dokar Najeriya ta hana farar hula sa kayan soja, filin jirgin Ikeja kuma ba ya rabuwa da sojoji. Tun kafin ka kai ƙofar falo za a yi maganar.

Tambaya ta biyu ta fi sauƙi. Kaftani da wando da hula cikakkiyar shiga ce a ko'ina a duniya, balle a Legas. Ban taɓa ganin an tsayar da mai shadda ko yadi mai guga ba, haka mai babbar riga, haka mace mai atamfa da mayafi ko abaya da hijabi. A Dubai da Doha ma masu gidan da doguwar riga da buɗaɗɗen takalmi suke shiga falukansu. Inda ake samun saɓani shi ne tsakanin takalmin fata buɗaɗɗe, irin wanda muke sawa da kaftani zuwa Juma'a, da silifas na roba mai tsinke tsakanin yatsu. Na farko takalmin fita ne. Na biyu na banɗaki ne, kuma shi dokoki irin na Qantas suke nufi. A Ikeja kowa ya san bambancin. A wata ƙasar kuwa, yarinyar da ke kanta ba lallai ta taɓa ganin irin takalminmu ba, tana iya haɗa su a kwando ɗaya. In tafiyar ta Turai ce ko Ostareliya, sa sau-ciki ko wanda ke da maɗauri a dunduniya, ka huta da bayani. Dama sanyin can ba zai bar ka da yatsu a waje ba.

Jallabiya kuma iri biyu ce, kai ma ka sani. Akwai ta fita, mai kauri da guga. Akwai shara-shara ta zaman gida wadda ake ganin singileti da gajeren wando ta cikinta. Ta biyun nan ita ce za a iya kira kayan barci, kuma ba a yi zalunci ba.

Gaskiyar magana, abin da ya fi jawo wa mutanenmu magana a falo ba shigar da suka zo da ita ba ne, abin da suke yi bayan sun zauna ne. Mutum ya shigo tsaf da shaddarsa, lokacin salla ya yi, ya shiga banɗaki ya ɗaga ƙafa cikin kwamin wanke hannu, ya jiƙa ƙasa, ya fito ba takalmi yana taka kafet da ɗanyar ƙafa har wurin abinci. Tafiya ba takalmi na cikin abubuwan da kusan kowane falo ya hana, jiƙaƙƙen tayil kuma yana kayar da tsofaffi. Ka tambayi ma'aikata inda ake alwala da salla. Filin jirgin Legas ba ya rasa wurin salla, manyan falukan Dubai da Doha da Istanbul ma suna da ɗakin salla a ciki ko a kusa. Wanda ya yi alwala tun a gida ya sa safa ko huffi bisa sharuɗɗan da malamai suka bayyana, ya sauƙaƙa wa kansa. Sai cire takalmi a miƙe ƙafa a kan teburin shayi, wannan kam ko a gidan surukai ba a yi. Masu babbar riga kuma a naɗe hannun riga a kafaɗa kafin a miƙa hannu wurin abinci. Na sha ganin bakin aska tara ya leƙa cikin miyar da mutum goma ke jiran ɗiba.

In za ka yi tafiya da iyali, mai niƙabi za a nemi ta buɗe fuska a wurin duba fasfo da wurin bincike, tana kuma da damar neman mace ta duba ta. Wannan dokar tsaro ce, ba ta falo ba. Amma ku san inda za ku sauka, domin Faransa ta hana rufe fuska a wuraren jama'a tun 2011, Beljiyam ma haka, wasu ƙasashen Turai kuma sun bi sahu daga baya. Hijabin da ya bar fuska a buɗe bai shiga wannan dokar ba. Mai zuwa Umara da zai ɗaura harami kafin jirgi ya kai miƙati, falukan da ke kan hanyar Jidda, irin na Alƙahira da Adis Ababa da Doha, sun saba ganin mutane da mayafi biyu da silifas, ba mai ce musu uffan. Na fi ba da shawarar a ɗaura a zangon ƙarshe, a rufa kafaɗa da kyau in za a je wurin abinci. A ɗaya gefen kuma, kamfanin Saudia ya taɓa fitar da ƙa'idar da ta hana maza shiga jirginsa da gajeren wando, don haka matasan gida su kiyaye.

Akwai rukuni ɗaya da dokar sutura ke hawa kansu da gaske: masu tafiya da tikitin rangwame na ma'aikatan kamfanin jirgi, wanda ɗan'uwa ko aboki ya samo musu. Kamfani na ɗaukarsu wakilansa ne. A watan Maris na 2017 kamfanin jirgin United ya hana wasu 'yan mata biyu shiga jirgi a Denver ta Amurka saboda matsattsen wando, duniya ta yi ca, sai ya bayyana cewa da irin wannan tikitin suke tafiya. Kai da kamfaninka ya biya cikakken kuɗi, wannan bai shafe ka ba. Abin da ya shafe ka shi ne tambarin da ke ƙirjin rigarka. Wasu kamfanoni ba sa son a ga ma'aikacinsu da kayan aiki a wajen wurin aiki, sai ka duba dokar naku. Kuma tambarin babban kamfani a harabar filin jirgin Legas kiran masu "oga, a taimaka" ne tun daga wurin ajiye motoci.

Na san abin da ke sa ka zarcewa da kayan. Wanda zai taso daga Ibeju-Lekki ya bi ta Ajah, ya hau gadar Third Mainland, ya ratsa Oshodi kafin ya ga Ikeja, ba shi da tabbacin awa nawa zai yi a hanya, balle ya ce zai biya Agege ya yi wanka. Maganin shi ne ƙaramar jaka da ba ta barin motarka: kaftani mara nauyi wanda ba ya saurin yamutsewa ko riga da wando, singileti, safa, takalmi mara ƙarfe, ƙaramin tawul, da leda mai kauri da za ka ɗaure kayan aikin a ciki don kada warinsu ya kama sauran kaya. In akwai wurin wanka a wurin aikinku, canza a can, minti goma ne. In babu, banɗakin tashar kafin wurin bincike ya wadatar. Kada ka dogara da cewa za ka yi wanka a cikin falon: ba kowanne ke da wurin wanka ba, musamman na cikin gida, kuma sai ka wuce kanta kafin ka kai gare shi. Turaren da za ka sa a jakar hannu zuwa ƙasar waje kada kwalbarsa ta wuce mililita 100. Tafiyar Landan ta haura awa shida, ba wanda zai so ya yi ta cikin rigar da ya wuni da ita a rana ko da an bar shi.

In kuma duk da haka wata rana aka tsayar da kai, kada ka ɗaga murya, kada ka fara da "ka san ko ni wane ne". Yaron da ke kanta ba shi ya rubuta dokar ba, kuma da zarar an yi hayaniya ya samu hujjar da ta fi ta sutura ƙarfi. Tambaye shi a hankali wane abu ne a jikinka matsalar. Sau da yawa abu ɗaya ne, falmaran ko taɓon takalmi ko rigar sama, ka cire ko ka goge ka shiga. In bai iya nuna komai ba, nemi shugabansa, ka ce a nuna maka ƙa'idar a rubuce. In aka dage alhali tikitinka ya ba ka haƙƙin falo, rubuta lokaci da sunan falon, ka adana takardar shiga jirginka, ka aika wa kamfanin jirgin ƙorafi a rubuce, domin shi ya sayar maka da hidimar, shi kuma ke biyan masu falon. Hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama tana da sashen kare haƙƙin fasinja da jami'ai a tashoshin Ikeja, kana iya kai musu in kamfanin ya yi biris. Wanda ka shigo da shi a matsayin baƙo kuma, direba ne ko yaron aikinka ko ɗanka, ƙa'idar da ta hau kanka ta hau kansa, sai ka duba shigarsa tun kuna mota.